Motar Kyauta da Baba Sule Ya Daina Hawa

Duk sanda na ji ana gardama a rediyo kan cunkoson motoci a Kano, wani ya ce a faɗaɗa titi, wani ya ce a zuba bas-bas na kyauta kowa ya ajiye motarsa a gida, sai in miƙa hannu in rage murya. Jikokina sun ɗauka hayaniyar ce ba na so. Ba haka ba ne. Ni na zauna a garin da aka gwada motar kyautar, na ga ta yi aiki da idona, kuma a cikinta na aikata abin da har yau in na tuna shi sai in tsame hannuna daga kwano.

Sunana Ado, mutumin Balan ta ƙasar Gaya. A shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, wani kamfanin jima a Kano ya sayo injina daga Italiya, ya ce zai tura mutum biyu su koyo aikinsu na wata shida. Aka zaɓe ni saboda na yi boko, na kuma taɓa zama malamin fata, mai duba ingancinta a kasuwa. Aka zaɓi Baba Sule na Toranke saboda hannunsa. Aminin mahaifina ne, tare suka yi yawon sayen fata a kasuwanni tun ba a haife ni ba. Bai san ko bihim ba a boko, amma in ya shafa fatar akuya ido rufe zai gaya maka ko yanka ce ko mushe. Farin shekarar ya cinye masa gona ƙurmus, don haka alkawarin da kamfani ya yi masa na zama shugaban ma'aikata in ya cika wata shidan, shi ne hatsin gidansa. Ni kuwa shekarata ashirin da shida, ina ji da kaina, a ganina an haɗa ni da kaya ne in kai in dawo da shi.

Masu magana sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa. Mun tabbatar da haka tun a tashar jirgin ƙasa ta Rum. Sanyi ya tarbe mu, irin wanda ke shiga haƙori. Wani mutum mai fara'a ya ga muna karkarwa cikin manyan riguna, ya ja mu lungu ya sayar mana da kwat biyu masu kauri, har yana taya mu ɓalla maɓalli. Muka yi ta sa masa albarka. Sai da muka kwana bakwai a birnin da majemar da za mu koyi aikin take, can arewa, sannan tsohuwar da aka sauke mu a gidanta ta daure ta nuna mini da hannu cewa kwat ɗin na mata ne. Mako guda ina taƙama a titi cikin rigar tsofaffin mata, ina zaton kallon da ake mini na burgewa ne. Da na gaya wa Baba Sule sai ya yi dariya har da hawaye.

"To, Ado, ita rigar ta san mace ce? Ni dai tana hana ni jin sanyi."

Shi bai cire tasa ba har muka rabu da ƙasar. Ni a ranar na cusa tawa ƙarƙashin gado, na sayi wata. Daga ranar kuma kunnena ya zama ba abin da yake saurare sai dariyar mutane.

Tsohuwar nan sunanta Mariya, Baba ya mayar da ita Iya Mairo, ita ma ta amsa. Da ta gane ba ma cin alade sai ta ware mana tukunya. Kullum taliya, yau da wake, gobe da tumatir. Baba ya ce ashe taliyar da matan Kano ke murzawa nan ne garinsu. Da daddawarmu ta ƙare muka shiga maraicin miyar kuka, in mun zauna cin abinci ba mai ambaton gida don kada ya tayar wa ɗan'uwansa. Abin da ya rage mana na gida shi ne goron Baba, wanda ya ƙunso cikin jiƙaƙƙen tsumma yana lallaɓa shi kamar jariri.

Birnin tsoho ne, titunansa ƙanana, an gina su tun zamanin keken doki. Motoci kuwa kowa da tasa. Wani ma'aikacin majema da ke jin Turanci ya ba ni labari cewa kafin zuwanmu, in safiya ta yi gari sai ya cushe, mai mota ya yi awa guda bai wuce inda mai ƙafa zai kai cikin minti goma ba. Shi ne majalisar gari ta ce da safe lokacin fita aiki, da yamma lokacin tashi, bas kyauta ce, ko kwandasta ba a sawa. Aka kuma ware mata hanyarta. Mutane da yawa suka ajiye motocinsu, titi ya samu numfashi. Daga gidan Iya Mairo zuwa majema tafiyar kusan awa biyu ce a ƙafa, a bas kuwa minti ashirin.

Da na fassara wa Baba sai ya jinjina kai. "Wannan ai hankali ne. Ka ga ranar kasuwar Gaya, in kowa ya zo da jakinsa ina za a ɗaure? Amma a haɗa kayan a amalanke ɗaya, kowa ya huta." Sannan ya tambaya, "To motar ta wace ce?"

Na ce ta majalisa ce.

"Majalisar ba ta da babba? Ba ta da ƙofar gida? Mutum ya ɗauke ka safe da yamma, ko sisi bai karɓa ba, ka kwana ka tashi ba ka je ka ce an gode ba? Yaba kyauta tukwici, Ado. Ka nemo mana gidan."

A wurinmu haka abin yake. Ko a jaki aka rage maka hanya, washegari sai ka taka ka je ka yi godiya, in ba haka ba a ce ba ka da tarbiyya. Na ce masa to, zan bincika. Kullum ya tuna mini, kullum in ce gobe.

Da ya ga babban ya ƙi samuwa sai ya kama na kusa. Direban bas ɗinmu na safe wani ƙaƙƙarfa ne, Baba ya raɗa masa Mai Gashin Baki. Muna shiga Baba zai tsaya a bakin ƙofa, ya rusuna, ya ɗaga murya: "Ina kwana, direba? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya sanyi?" Layin mutane na bayanmu suna jira. Sannan ya ɓare goro ya miƙa masa ɓari. Ranar farko direban ya gutsura, ya yamutsa fuska saboda ɗaci, motar ta ɗauki dariya. Amma ya karɓa, kuma kullum sai ya karɓa ya jefa aljihu. In mace ta shigo Baba zai miƙe ya ba ta kujera, ko da ya yi jika da ita. In za mu sauka ya juyo ya yi wa duk motar sallama. Yanzu da na tsufa na gane yawancin dariyar nan ta so ce. A lokacin ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

A majema an raba mu. Baba yana wajen injin da ke kankare fata, suna fara aiki ƙarfe takwas. Ni ina ɗakin gwajin magunguna a wani ginin, tare da samari 'yan makaranta. Wata rana da hutun cin abinci na turo ƙofa sai na tarar ɗayansu ya yafa buhu a kafaɗa, ya rusuna gaban wani, yana kwaikwayon gaisuwar Baba yana miƙa masa ɓawon lemo. Suna ganina sai wani ya tambaye ni ko Baban mahaifina ne na jini. Na ce a'a, ban ma san shi sosai ba. Wannan ita ce ƙarya ta farko.

Ta biyu na yi ta da yamma, muna cin taliya. Baba ya sake tambaya ko na samo gidan mai motar. Ban shirya ba, maganar ta fito da kanta.

"Baba, na bincika. Ashe motar nan ta 'yan gari ce masu biyan haraji. Baƙo ba shi da haƙƙi a cikinta. Kara suke mana shi ya sa ba su hana mu ba."

Ya ajiye cokali. "To mu biya mana."

"A lokacin kyauta ba mai karɓa. In kuwa muka jira lokacin biya mun makara."

"Innalillahi," in ji shi. "Ashe wata biyu haƙƙin mutane muke ci. To Allah Ya ba mu ƙafa, Ado. Daga Toranke zuwa Ajingi ma a ƙafa muke zuwa."

Wallahi ban yi nufin abin ya kai haka ba. So nake kawai in shiga mota ko da rana ɗaya ba wanda ya kalle ni. Na ce masa an mayar da aikin ɗakinmu na gwaji ƙarfe tara, don haka ya riƙa yin gaba, ni zan biyo shi a ƙafa daga baya. Da yamma kuma na ce muna da darasi. Ya ce Allah Ya taimaka.

Haka muka shiga tsakiyar hunturu. Baba zai yi asuba, ya ɗaura rawani a kan kwat ɗinsa na mata, ya fita ƙarfe shida gari bai waye ba. Ni in koma bargo, in tashi in sha shayi, in hau bas ta bakwai da rabi. Akwai wata doguwar gada dab da majema, kusan kullum a nan muke cim masa. Daga nesa zan hango rawanin, kansa sunkuye, hannu cikin aljihu. In mun zo daidai da shi sai in zame a kujera in ɗaga jarida, jaridar da ko karanta ta ban iya ba. Kujerata ita ce ta uku a bayan direba, gefen taga.

Kullum da niyyar faɗa masa nake kwana. Kullum in ce bari ya huta tukuna, gobe ma rana ce. Da na ji ya fara tari na sayo masa zuma, ya yi ta sa mini albarka, albarkar tana ƙona ni. Iya Mairo ta tambaye ni me ya sa tsoho ke fita da duhu, na ce al'adarsa ce, yana son motsa jiki. Mai Gashin Baki ya tambaye ni da hannu, yana kwatanta rawani, na ce an canja masa lokacin aiki. Ƙarya ɗaya na yi niyya, sai ga ni ina kiwon garke.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa ya ƙure wata safiya da aka tashi da ruwa haɗe da ƙanƙara. Muna hawa gada direban ya hango shi. Wurin ba tasha ba ne, doka ma ta hana tsayawa, amma ya taka birki, ya buɗe ƙofa, ya yi ta kira da yarensu yana yafito shi. Motocin baya suka dame mu da ƙaho. Na durƙushe tsakanin kujeru kamar mai neman abin da ya faɗi. Ina jin muryar Baba daga waje, ruwa na dukansa.

"Ina kwana, direba? Yaya iyali? A'a, na gode, na gode. Allah Ya saka. Ku je kawai."

Ta ƙasan kujera na ga hannunsa ya shigo, jiƙe, da ɓarin goro. Direban ya karɓa. Ya jira, ya sake kira, sannan ya rufe ƙofa. Kafin ya ja motar sai da ya waiwayo ya dube ni ina tsugune. Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwata ba.

Bayan kwana uku Baba ya faɗi a gaban injinsa. Likita ya ce sanyi ya kama masa huhu biyu. Kwana goma bai san wanda ke kansa ba. Iya Mairo ke dafa romon kaza ta kai asibiti, ni kuwa in zauna a gefen gado ina lissafin abin da zan gaya wa mutanen Toranke in na koma ni kaɗai. Ban taɓa roƙon Allah kamar yadda na roƙe Shi a kwanakin nan ba, kuma ko a roƙon ina jin kunyar abin da zan ce.

Ran da ya farfaɗo sosai, da hantsi, na ba shi ruwa ya sha. Na buɗe baki zan fara, sai ya riga ni.

"Ado, kujerar nan ta uku da kake zama, tagarta ba ta rufuwa sosai. Ka riƙa komawa ɗaya gefen, kada kai ma sanyin ya kama ka."

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun mako na biyu. Jarida ba ta rufe hula, ɗana."

Na fashe da kuka a gaban nas-nas, ban damu da wanda ke kallo ba. Na gaya masa duka, har da cewar da na yi ban san shi ba. Na ce ƙarya ce, motar ta kowa ce, baƙo da ɗan gari. Ya ce ya gane haka, don mutumin da zai tsayar da mota a kan gada ya buɗe maka ƙofa ba haram yake kiran ka ka ci ba.

"To don me ba ka hau ba, Baba? Don me?"

"In na hau na same ka a ciki, ina za ka sa fuskarka? A gaban baƙi? Na ce bari in jira ka faɗa da bakinka, ai ba za ka daɗe ba." Tari ya sarƙe shi, sai da ya lafa ya ƙarasa. "Ka ɗan daɗe. Amma ran da za mu taho mahaifinka ya kama hannuna ya ce ga amanar Ado nan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Duk tsawon tafiyar nan ina zaton ni ke riƙe da shi.

Likita ya hana shi komawa majema, ya ce ƙirjinsa ba zai ɗauki warin magunguna ba. Saura wata biyu ya cika, kamfani ya aiko a mayar da shi gida. Shugabancin ma'aikatan da aka yi masa alkawari wani aka bai wa. Na rubuta wasiƙa na ce laifina ne, aka amsa mini cewa ciwo ba laifin kowa ba ne.

Kafin ya tafi ya roƙe ni abu ɗaya, in raka shi ya yi sallama da direba. Muka hau bas ta bakwai da rabi. Ya tsaya a ƙofa, ya rusuna da ƙyar, ya yi gaisuwarsa tun daga kwana har iyali. Wannan karon na tsaya a gefensa ina fassarawa da 'yar guntuwar Italiyancina, da ƙarfi, kowa na ji. Mai Gashin Baki ya tashi daga kujerarsa ya rungume shi. Baba ya ba shi goronsa na ƙarshe, guda cur, ya ce in gaya masa ya isar wa mai motar da godiya tunda mu ba mu samu gidan ba.

Na dawo gida ana gab da shuka. Na sauka a Balan ina jiran mahaifina ya kira ni zaure. Ba abin da ya faru sai murna. Kwana uku da dawowata, rana ta take, muna zaune a ƙofar gida sai ga mutum tafe a hankali, yana tafiya yana tsayawa, da zakara a hammata. Baba Sule ne. Ya rame har rawanin ya yi masa yawa. Tun asuba ya taso daga Toranke a ƙafa, don ba ranar kasuwa ba ce, babu mota.

Bayan an gaisa ya ajiye zakaran gaban mahaifina. "Godiya na zo yi, Malam Haruna. Yaron nan kwana goma bai rintsa ba a kaina a asibitin Turawa. Ka haifi ɗa."

Mahaifina ya dube ni idonsa ya kawo ruwa. "Ado, ka fid da ni kunya. Allah Ya yi maka albarka."

Na buɗe baki. Baba Sule ya kalle ni, ya girgiza kai kaɗan yadda ni kaɗai zan gani. Na ce amin. Aka yanka zakaran, aka yi tuwo da miyar kukar da muka yi ta mafarki, na tsame hannuna daga kwano ban ci ko loma ba.

Da la'asar ya ce zai koma. Na fito da kekena na ce sai dai in kai shi, ko zai yi fushi. Ya zagaya keken yana duba shi, sannan ya matso kusa da kunnena don kada mahaifina ya ji.

"Wannan na 'yan gari ne, ko baƙo ma yana hawa?"

Yana murmushi ya faɗa. Na riƙe masa keken ya hau baya. Ya kama kafaɗata, muka ɗauki hanyar Toranke cikin yashi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Duk sanda tarin ya taso masa sai ya jingina goshinsa a bayana har ya lafa, sannan ya ce, "Yi haƙuri, ɗana, na dame ka."

Damina biyu ya ƙara a duniya. Mahaifina ya bi shi bayan shekara shida, yana alfahari da ni har ranarsa ta ƙarshe. Ni kuwa har yau, tsakanin kafaɗuna, na san daidai inda goshin nan yake sauka.